Shehu Nasiru Kabara: Malamin da ya fito da zikiri fili, ya kare shi da alƙalami

A farkon shekarar 1978 aka ƙaddamar da wata ƙungiya a garin Jos, wadda ta sauya yadda Musulmin Arewacin Najeriya ke muhawara a kan addininsu har zuwa yau. Sunanta Jama'atu Izalatil Bid'a wa Iƙamatis Sunna, jagoranta kuwa Shehu Isma'ila Idris, wanda ya taɓa yin limanci a rundunar sojan ƙasa. Cikin abubuwan da masu wa'azinta suka fi sa wa ido akwai wata 'yar ganga mai fuska ɗaya da ake kira bandiri, wadda mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya ke kaɗawa a wurin zikiri. A wancan zamani, duk wanda ya soki bandiri, ko ya kama suna ko bai kama ba, kowa ya san inda maganar ta dosa: gidan Shehu Muhammadu Nasiru Kabara da ke daura da fadar Sarkin Kano.

Malamin ya rasu tun 1996, amma gardamar da ta dabaibaye rabin rayuwarsa ba ta mutu ba. Tana nan a masallatan unguwannin Jos, tana nan a Kano da Kaduna, ta kuma biyo ma'aikata har Abuja, inda abokan aiki biyu za su yi shekaru a ofis ɗaya, amma ranar Juma'a kowa ya nufi masallacinsa. Saboda haka tarihinsa ya wuce labarin shehin ɗariƙa kawai. Tarihi ne na yadda mutum ɗaya ya ɗauki ibadar da ake yi a asirce cikin zaure ya fito da ita kan titi, da kuma irin makamin da ya zaɓa sa'ad da aka taso masa.

Daga bakin kogin Kwara zuwa birnin Dabo

Sunan Kabara ba na ƙasar Hausa ba ne tun asali. Sunan wani ƙaramin gari ne kusa da Timbuktu, a ƙasar Mali ta yanzu, wanda ya daɗe yana matsayin tashar jiragen ruwan wannan tsohon birni na ilimi. Daga can ne kakan kakanninsa, Malam Umaru, ya taso ya bi hanyar fatake da almajirai har ya sauka a Kano a ƙarshen ƙarni na 18. Aka san shi da laƙabin Malam Kabara, unguwar da ya zauna kuma ta ɗauki sunan, ga ta nan har yau kusa da Gidan Rumfa.

A cikin wannan zuriya aka haifi Muhammadu Nasiru, a ƙauyen Guringawa da ke wajen birnin Kano, a farkon ƙarni na 20, lokacin da mulkin Turawa bai daɗe da kafuwa ba. Tun yana yaro aka miƙa shi hannun babban malamin danginsu, Malam Ibrahim Natsugune, wanda sarakunan Kano da dama suka riƙa neman shawararsa a kan al'amuran addini. A wurinsa ya sami tarbiyya, a wurinsa kuma ya karɓi ɗariƙar Ƙadiriyya.

Karatun da ya yi shi ne irin na zaure da aka sani a birnin. Yaro ya fara da allo har ya sauke Alƙur'ani, sannan ya shiga littattafan fiƙihun Malikiyya daga ƙananansu zuwa Risala da Mukhtasar, ya haɗa da nahawu da lugga da waƙoƙin yabon Annabi, ya ƙare da tafsiri da hadisi da tasawwufi. Ba a ba da takardar shaida a wannan tsari. Shaidar ita ce malaminka ya yarda ka zauna ka karantar, mutane kuma su zo su zauna a gabanka. Kafin Malam Natsugune ya rasu a 1941, almajirin nasa ya riga ya kai wannan matsayi, ya kuma yi suna wajen ƙwarewa a Larabci da iya tsara waƙa a cikinsa.

Halin da ya iske Ƙadiriyya a ciki

Ƙadiriyya tana danganta kanta ga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rayu a Bagadaza ya kuma rasu a can a 1166. Ita ce ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, don haka tana da daraja ta musamman a duk faɗin daular Sakkwato. Sai dai wannan daraja ta zo da wani rauni. Wuridinta ya zama abin manyan malamai da gidajen sarauta, ana ba da shi a hankali ga wanda ya yi nisa a karatu, ana kuma yin sa shiru bayan salla. Rassanta sun rarrabu, kowane gida da silsilarsa, babu wani shugaba da ya haɗa su.

A daidai wannan lokaci Tijjaniyya na samun sabon ƙarfi. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a Makka a 1937, daga baya shehin ya ziyarci Kano, malamai da 'yan kasuwa suka yi masa mubaya'a. Tafiyar tasa ta buɗe ƙofa ga kowa, mai ilimi da maras shi, attajiri da ɗan dako. Wazifa da zikirin Juma'a da ake yi a bayyane suka ja hankalin matasa. 'Yan kasuwar goro da masu bin layin dogo suka kai ta garuruwa masu tasowa, har da Jos, inda haƙar kuza ta tara Hausawa daga Kano da Bauchi da Zariya da sauran wurare.

Nasiru Kabara ya duba ya ga cewa idan ɗariƙar Shehu ta ci gaba da zama a kulle cikin zaurukan dattawa, za ta ƙare tare da su. Aikin rayuwarsa ya taso ne daga wannan fahimta.

Neman izini daga tushe

A tsarin ɗariƙa, ba a sabunta komai sai da izini, izini kuwa daga sama yake zuwa. Don haka matakin farko da ya ɗauka shi ne tattara silsiloli. Ya bi malaman rassan Ƙadiriyya da ke Kano ya karɓi abin da ke hannun kowannensu. A ƙarshen shekarun 1930 ya yi wasiƙa zuwa ga shugabannin Sammaniyya, wata hanya da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Samman ya kafa a Madina a ƙarni na 18, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a Sudan, suka kuma ba shi izinin wakiltar su. Da ya tafi aikin Hajji a 1949 ya bi ta Sudan ya gana da shehunan wannan hanya ido da ido.

Babbar tafiyar ita ce ta 1953, sa'ad da ya je Bagadaza ya ziyarci kabarin Shehu Abdulƙadir, ya kuma sadu da jikokinsa masu riƙe da gidan. Ya dawo da izinin jagorancin Ƙadiriyya a Afirka ta Yamma. Wannan ya ba shi abin da babu wani malamin Ƙadiriyya a Arewa da ke da shi a lokacin, wato alaƙa kai tsaye da tushen ɗariƙar, ba ta hannun wani gida na cikin ƙasa ba. Daga nan rassan da suka rarrabu suka fara taruwa a ƙarƙashinsa, har aka riƙa kiran tafiyar Ƙadiriyya Nasiriyya.

Bandiri, anfasu da maukibi

Izini kaɗai ba ya tara jama'a. Abin da ya jawo dubban mutane shi ne irin ibadar da ya shimfiɗa musu, wadda kunne ke ji, jiki ke shiga, ido ke gani.

Na farko shi ne bandiri. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Ganga ce mai faɗi, da fata a fuska ɗaya, wadda ake bugawa da hannu, ta kuma shigo Kano ne tare da Larabawan Tarabulus da Gadamas, waɗanda ke bin hanyar Shehu Abdussalam Asmar na ƙasar Libiya. Kafin zamaninsa ana kaɗa ta ne a 'yan wurare kaɗan a cikin birni. Shi ne ya ɗauke ta ya mayar da ita alamar Ƙadiriyya, ya yaɗa ta a zawiyoyin almajiransa. A taron da ake kira mi'adi, jama'a kan zauna ko su tsaya a da'ira, mai baiti ya rera yabon Annabi ko na Shehu Abdulƙadir, sauran su amsa, bandiri na riƙe da ma'aunin. Yawancin ƙasidun da Larabci suke, amma an rera da Hausa ma, ta yadda wanda bai taɓa buɗe littafin nahawu ba zai san abin da bakinsa ke faɗa.

Na biyu shi ne zikirin anfasu, wato ambaton Allah tare da numfashi. Masu yin sa kan fara da hailala a bayyane, sannu a hankali su koma ga sunan Allah shi kaɗai, har lafazin ya narke ya zama shiga da fitar numfashi daga ƙirji, kowa na tafiya daidai da na kusa da shi. Manufar, kamar yadda malaman tasawwufi ke bayani, ita ce kada numfashi ɗaya ya fita daga bawa cikin gafala. Wanda ya saba da haka a cikin da'ira, ana fatan zai ɗauki wannan farkawa ta zuciya ya tafi da ita kasuwa da gona da wurin aiki. Bayan wannan akwai wuridin da kowane muridi ke yi shi kaɗai bayan salloli, da halwa ga waɗanda suka yi nisa, ƙarƙashin kulawar shehi.

Na uku shi ne maukibi, jerin gwanon da ya fara shiryawa a shekarun 1950 don tunawa da Shehu Abdulƙadir a watan Rabi'us Sani. Muridai kan taso daga Gidan Ƙadiriyya cikin sahu, da tutoci da bandirai, zawiya bayan zawiya, su ratsa birni zuwa maƙabartar Maigiginya domin ziyarar magabata. Abin da aka fara da 'yan tsirarun mutane ya zama ɗaya daga cikin manyan tarukan addini na shekara a Kano, wanda ke jawo baƙi daga jihohin Arewa da ƙasashen maƙwabta.

Waɗannan abubuwa uku sun yi aikin da wa'azi kaɗai ba zai yi ba. Sun ba tela da maƙeri da direban mota gurbi a cikin ɗariƙar da a da sai malami ke shiga. Sun kuma ba baƙon da ya bar garinsu ya sauka a wani gari, kamar ma'aikacin kuza a Filato ko ɗan tireda a Legas, wurin da zai je da dare ya iske 'yan'uwa da ba na jini ba.

Abin da ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yi ba

Haɗa waƙa da kiɗa da numfashi wajen bauta abu ne da al'ummomi da yawa suka sani. A Indiya, mabiya addinin Hindu na da waƙoƙin ibada da suke kira bajan da kirtan, inda jagora ke rerawa jama'a na amsawa, da ganguna da ƙananan kuge. A ƙarni na 16 wani jagoransu mai suna Caitanya ya yi suna a yankin Bengal saboda fito da irin wannan waƙa daga ɗakunan bauta zuwa tituna. Masu bin hanyar yoga kuma sun gina tarbiyyarsu a kan sarrafa numfashi da tsayar da tunani wuri ɗaya. A cikin Musulmin wannan yanki, ɗariƙar Cishtiyya ta raya waƙar ƙawwali, wadda har yau ake rerawa a hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya a birnin Delhi.

Aƙidar da ke ƙarƙashin waɗannan ayyuka ta bambanta nesa ba kusa ba. Muridin Ƙadiriyya Allah Ɗaya yake ambata, Annabinsa yake yabo, shari'a ce kuma iyakarsa. Abin da ya yi kama shi ne kayan aikin, domin ɗan Adam a ko'ina yana da murya da numfashi, ya kuma lura cewa zuciya ta fi saurin natsuwa idan an bi da ita ta waɗannan ƙofofi biyu.

Wannan kamanni ya bayyana a Kano ta wata hanya da ba a zata ba. Tun daga shekarun 1950 gidajen silima na Arewa, a Kano da Kaduna da Jos, suka riƙa nuna finafinan Indiya, karin waƙoƙinsu ya zauna a kunnen matasa. Daga baya wasu ƙungiyoyin samari masu bege suka riƙa ɗaukar karin waɗannan waƙoƙi, su zubar da kalmomin soyayyar, su ɗora yabon Annabi da Hausa a kai, suna kaɗa bandiri. Masanin al'adu Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya yi rubutu a kan wannan. Masu yi na ganin sun ƙwato kari mai daɗi daga wasa sun mayar da shi ibada. Masu suka na ganin hujja ce a kan cewa ƙofar da aka buɗe da ganga ba ta da marufi. Ko a cikin 'yan ɗariƙa ba kowa ne ya yi na'am da salon ba.

Tsakanin fada da ofis

Nasiru Kabara bai kasance malamin da ya guje wa hukuma ba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ya shiga sahun malaman fada. Ya shugabanci Makarantar Shari'a ta Shahuci, inda ake horar da waɗanda za su yi aiki a kotunan alƙalai. Shekaru masu yawa shi ke gabatar da tafsirin watan Ramadan a fadar Kano, wanda gidajen rediyo suka riƙa watsawa, aka san shi da zurfafa bayani a kan lugga da ma'anonin da sufaye ke hangowa a cikin ayoyi. Da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, a ƙarƙashin inuwar Sardauna Ahmadu Bello, yana cikin manyan malaman da aka jawo. Fadar Sarkin Musulmi kuma ta karrama shi da laƙabin Sarkin Yaƙin Shehu Usmanu.

Zama kusa da masu mulki yana da tsada, musamman a Kano ta wancan lokaci. Sarki Muhammadu Sanusi, wanda ya hau gado a 1953, babban jigo ne a Tijjaniyya, dangantakarsa da gwamnatin Kaduna kuma ta yi tsami har ya bar sarauta a 1963. Malamin Ƙadiriyya da ke aiki a ƙarƙashin sarki Batijjane, a lardin da ke takun saƙa da Sardauna jinin Ɗanfodiyo, tilas ya san inda zai taka. Ya ratsa wannan zamani, ya ga juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi a 1967, ya yi aiki da Sarki Ado Bayero fiye da shekara talatin, bai kuma bari zawiyarsa ta zama reshen wata jam'iyya ba. Ƙarfinsa bai dogara ga albashi ko kujera ba. Ya dogara ne ga almajiran da ke zuwa da ƙafarsu.

Ya kuma gane da wuri cewa zaure kaɗai ba zai riƙe yaran zamani ba. Ya buɗe makarantar Islamiyya mai aji da allo da jarrabawa a gidansa, wadda ta bunƙasa ta haifi wasu makarantu, domin ɗan muridi ya sami ilimin addini tare da takardar da za ta shigar da shi jami'a ko aikin gwamnati.

Gardama ta farko da ta biyu

Abokan muhawararsa na farko 'yan'uwansa sufaye ne. A shekarun 1950 an yi ta ce-ce-ku-ce tsakanin Ƙadirawa da Tijjanawa a kan ƙabalu da sadalu, wato ɗora hannu a ƙirji cikin salla ko sakinsa. A wasu garuruwan lardin Sakkwato saɓanin ɗariƙun biyu ya kai ga tarzoma a 1956 da 1965. Shi kuwa littafi ya rubuta, mai suna Ƙam'ul Fasad, yana kare sadalu da hujjojin mazhabar Malikiyya. Malaman Tijjaniyya suka mayar masa da martani da nasu littattafan.

Gardama ta biyu ta fi zurfi, domin ba a kan reshe take ba, a kan saiwar take. A 1972 Shehu Abubakar Mahmud Gumi, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki ɗariƙun sufaye gaba ɗaya. Tafsirinsa a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, wanda rediyo ke kai wa kowane lungu, ya isar da wannan ra'ayi ga jama'ar da ba sa karanta Larabci. Nasiru Kabara ya amsa da littafin An-Nasihatus Sariha.

Bayan shekara shida aka kafa Izala a Jos, ra'ayin ya sami ƙungiya, da rassa, da 'yan agaji, da wa'azin ƙasa, da kaset. Ba banza ba ne ta tsiro a can. Jos gari ne na baƙi, babu tsohuwar masarautar Musulunci da za ta taka wa mai wa'azi burki kamar yadda za a yi a Kano ko Sakkwato, ga kuma ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa da suka yi nesa da gidajen malaman iyayensu. Hujjar 'yan Izala ita ce ibada ba a ƙago ta, abin da Annabi da sahabbansa ba su yi ba a matsayin neman lada, ba a yin sa, ganga kuwa ba ta da wuri a masallaci. Sun kuma soki girmama shehunai da suke ganin ya wuce iyaka, da ɗawainiyar bukukuwa da ke cin aljihun talaka. Hujjar Kabara da magoya bayansa ita ce an umarci Musulmi da yawaita ambaton Allah ba tare da an ƙayyade masa siffa ɗaya ba, hadisai sun nuna an buga ganga mai fuska ɗaya a gaban Annabi a lokutan farin ciki, kuma wanda ya kafirta 'yan ɗariƙa ya kafirta Ɗanfodiyo da duk waɗanda suka kawo addinin ƙasar nan.

Wannan sabuwar barazana ta haɗa kan Ƙadirawa da Tijjanawa, waɗanda a jiya ba sa ga maciji. Amma ta bar rauni mai zurfi a cikin al'umma. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980 an yi faɗa a kan mallakar masallatai a garuruwa da dama, an ƙi bin juna salla, an ƙi cin yankan juna, ɗa ya juya wa ubansa baya, aure ya mutu. Bayan rikicin Kafanchan na 1987 an yi yunƙurin sasanta manyan malaman ɓangarorin, aka sami sauƙi, ko da yake tushen saɓanin na nan. Izala kanta ta rabu gida biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da na Kaduna.

Makamin da ya zaɓa

Ba za a ce harshen Nasiru Kabara ya kasance mai laushi a kowane lokaci ba. Muhawarar wancan zamani ta yi zafi daga kowane ɓangare, mabiya kuma sukan wuce inda malamansu suka tsaya. Amma idan aka duba abin da ya bari, za a ga inda ya zuba ƙarfinsa. Ya rubuta littattafai da ƙasidu masu yawa a kan tasawwufi da tarihin waliyyai da fiƙihu da yabon Annabi. Ya fassara Ash-Shifa na Alƙali Iyad zuwa Hausa. Bayan fassarar Alƙur'ani ta Shehu Gumi ta fito a 1979, shi ma ya kammala tasa fassarar da sharhi, mai suna Ihsanul Mannan, wadda aka buga da taimakon ƙungiyar yaɗa Musulunci ta Libiya a ƙarshen shekarun 1980.

Sakamakon haka, Bahaushen da ba ya jin Larabci ya wayi gari da fassara biyu a gabansa, daga malamai biyu da suka yi hannun riga a kan manyan mas'aloli. Yana iya buɗe wannan ya buɗe wancan, ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Haka ma a fagen makarantu: Izala ta buɗe nata, har da na matan aure, 'yan ɗariƙa suka faɗaɗa nasu, yaran talakawa suka ci ribar gasar. Duk inda gardamar ta bi ta takarda da aji, al'umma ta ƙaru. Duk inda ta bi ta sanda da dutse, babu wanda ya tsira da komai, kuma mutanen Jos, waɗanda suka ga abin da rikici ke yi wa gari tun daga 2001, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Ƙarshen tafiya

Shehu Abubakar Gumi ya rasu a Landan a watan Satumba na 1992. Shehu Nasiru Kabara ya bi shi a watan Oktoba na 1996, a Kano, aka yi masa jana'izar da ta cika birnin. Shehu Isma'ila Idris ya rasu a 2000. Ɗan Shehu Nasiru Kabara, Ƙaribullahi, wanda sunansa ya yi daidai da na wani babban shehin Sammaniyya na Omdurman, shi ya gaje shi a jagorancin ɗariƙar da kuma tafsirin fada.

Mutanen uku duk sun koma ga Wanda suka yi saɓani a kan yadda za a bauta masa. Abin da kowannensu ya gina yana tsaye. Hedikwatar Izala na nan a titin Sarkin Mangu a Jos, makarantunta cike da ɗalibai. Gidan Ƙadiriyya na nan a Kabara, kuma duk shekara, idan Rabi'us Sani ya kama, sahun maukibi kan fito da tutoci da bandirai ya nufi Maigiginya. A cikin masu kaɗawa akwai jikokin waɗanda suka fara bin sa a shekarun 1950, wasunsu likitoci, wasu lauyoyi, wasu ma'aikatan gwamnatin tarayya da suka ɗauki hutu daga Abuja domin su halarta. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ba zai taka wurin ba, amma idan sun dawo gida da yamma, a akushi ɗaya za su sa hannu.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kyauta namu ƙarshen.